Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina: A Zo A Duba Madatsar Ruwanmu Kafin Damina Ta Kankama

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Gwamna, bayan gaisuwar girmamawa tare da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da basirar riƙon jama'a, ina rubuto wannan wasiƙa ne a madadin manoman rani, masunta, makiyaya da magidantan da gidajensu suke ƙasan wata ƙaramar madatsar ruwa a nan ƙasar Daura. Ni tsohon malamin firamare ne da ya ajiye alli ya koma gona, kuma da yake ana ganin hannuna ya saba da alƙalami, sai jama'a suka ɗora mini rubuta abin da muka tattauna a ƙofar gidan maigari bayan an sauko daga Juma'a. Sunan garinmu da na madatsar suna cikin takardar da muka miƙa ta hannun hakiminmu. A nan na bar su da gangan, domin duk wanda ya zaga Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa ya san ƙananan madatsun ƙasa irin tamu suna nan a wurare da dama, kuma shekarunsu sun ja, saboda haka abin da zan faɗa ba kukan gari ɗaya ba ne.

Zan fara da faɗin alherin wannan dam, don kada a ɗauka mun zo neman a rushe shi. Kafin a gina shi, ƙoramar da ta ratsa ta gabashin garinmu kan sauko da haukanta a tsakiyar damina, ta kwashe gero da wake, ta yanke hanyar kasuwa har kwana biyu ko uku. An yi dam ɗin ne don ya tare wannan ruwa, ya riƙe shi, ya riƙa sakinsa a hankali. Daga baya sai amfaninsa ya wuce abin da aka yi shi dominsa: a gefensa muke noma tumatir, albasa da attaruhu da rani, a nan shanu suke sha tun daga kaka har bazara, a nan yaranmu suke kama tarwaɗa da ƙarfasa, kuma samari da yawa da suka saba tafiya ci-rani kudu yanzu a gida suke yin rani. Abin da yake ciyar da mu ne muke tsoron kada wata rana ya zama shi zai cinye mu.

Abin da ya sa muka ga shiru ya ishe mu abu biyu ne. Na farko, kowa ya ji abin da ya sami Maiduguri a daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shiga gari ya mamaye Kasuwar Litinin, fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa, ya rushe katangar gidan yari, har namun dajin da ke gidan ajiyarsu suka fito cikin unguwanni. Wannan madatsa ta taɓa yi wa birnin irin wannan ɓarna a 1994, wato shekara 30 cif tsakanin na farko da na biyu. Bayan abin ya faru Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin duba lafiyar madatsun ruwa na ƙasa, kuma mun yi murna da haka. Sai dai mun san yadda irin wannan aiki yake tafiya: manyan madatsu irin Zoɓe da ke Dutsin-ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, ko ta Jibiya da ke kan kogin Gada, suna da suna, suna da fayil, suna da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da ke riƙe da su. Ajiwa ma, da birnin Katsina ke sha daga gare ta, ba za a manta da ita ba. Ƙananan da ke lungu irin tamu su ne ake iya tsallakewa, alhali ruwan da zai kashe mutum a cikin ɗakinsa ba sai ya kai na Alau ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na biyu kuwa shi ne abin da idanunmu suka gani a jikin dam ɗin kansa, kuma shi ne zan ɗan tsaya a kai.

Ranka ya daɗe, bangon dam ɗinmu na ƙasa ne, ba na kankare ba. Ƙasa ce aka tara aka daddanne da injin. A gindinsa ta wajen gari, wato ɓangaren da ba ruwa, akwai wani wuri da ba ya bushewa ko a watan Afrilu da ƙasa take tsagewa don zafi. Ciyawa tana nan kore shar a wurin, har akuyoyi sun gane shi. Shekaru muna ganinsa ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wasu ma suna cewa idon ruwa ne. Da Babbar Sallar bara wani tsohon ɗalibina da ya zama injiniya ya zo gaishe ni, na ja shi muka je. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a samo masa kwalba fara. Ya ɗebi ruwan da ke tsatsafowa, ya ajiye kwalbar a inuwa, muka zauna muna hira. Kafin mu tashi, laka ta kwanta a gindin kwalbar, ja-ja, kalar ƙasar bangon. Ya yi mini bayani cewa kowane dam na ƙasa yana ɗan tsiyayar da ruwa, kuma muddin ruwan garau yake fitowa, yawansa bai ƙaruwa, to ba abin tayar da hankali ba ne. Amma idan ruwan ya fara fitowa da laka, to cikin bangon yake ci yana fitarwa, yana haƙa wa kansa hanya daga waje zuwa ciki kamar yadda gara take cin itace ta bar fatar. Ranar da hanyar ta haɗe da tafkin, ramin da bai fi hannu ba zai iya zama ƙofar da mota za ta shige cikin 'yan sa'o'i. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa shi da ido kawai ya duba, ba shi da kayan awo, ba shi da hurumin yanke hukunci, kuma abin da ya dace shi ne hukuma ta turo masu aikin. Kwalbar tana nan a ɗakina har yau, na rufe ta da leda, duk wanda aka turo zan nuna masa.

A saman bangon kuma akwai tsagewa. Wasu sun bi tsawonsa, ɗaya kuwa ta ratsa shi daga ɓangaren ruwa zuwa ɓangaren gari, kuma an ce mana irin wannan mai ratsawar ta fi haɗari, domin da ruwa ya taso ya kai gare ta ya sami hanya a shirye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle ruwa da ba ya buƙatar a buɗe masa. Tsakiyar bangon ma ta ɗan lotsa, inda amalanke da babura suka mayar hanyarsu ta zuwa gona, ta yadda in ka tsaya a bakin ɗaya ka hangi ɗaya bakin za ka ga ya yi kamar bayan tsohon jaki. Wurin da ya fi ƙasa shi ne wurin da ruwa zai fara haurawa, kuma bangon ƙasa ba a yi shi don ruwa ya bi ta kansa ba. Da ya fara kwarara ta sama, zaizaye shi zai yi ta baya har ya yanke shi.

Wannan ya kawo ni ga mafitar rarar ruwa, wato hanyar da aka yanka a gefen dam ɗin aka shafe ta da siminti, aka yi ta ƙasa da tsayin bango, domin idan tafkin ya cika ruwa ya bi ta nan ya koma ƙorama ba tare da ya taɓa bangon ba. Ita ce numfashin dam ɗin. A yau yashi ya cike bakinta, geza da sabara sun tsiro a ciki, simintin ya farfashe, kuma a ƙarshenta ruwa ya rarake ƙarƙashi ya bar kankaren a rataye. A nan dole in faɗi namu laifin, domin wasiƙar da ta ɓoye laifin mai rubuta ta ba ta cancanci a karanta ba: wasu daga cikinmu, manoman rani, sukan jera buhunan yashi a bakin mafitar a ƙarshen damina don ruwan ya ƙara tsayi ya kai mu Maris, kuma ba kullum ake kwashe su kafin ruwa ya dawo ba. Mun yi haka ne cikin jahilci da neman abinci, ba wanda ya taɓa tara mu ya ce ga abin da kowane buhu yake ragewa daga tsaron garin. Akwai kuma bututun da aka binne a ƙasan bango, mai wani ƙarfe kamar sitiyari da ake murɗawa a saki ruwa idan ana so a rage shi. Tsatsa ta cinye shi. Samari huɗu sun taru a kansa bara bai ko motsa ba. Ke nan ko da an ga haɗari yana tafe an ce a rage ruwa, ba mu da hanyar ragewa. Mutanen Gusau sun ga sakamakon irin wannan a 2006, lokacin da ƙofofin madatsarsu suka ƙi aiki bayan ruwan sama mai yawa, ruwan ya fi ƙarfinta ya ɓalle ta.

Batun cikewar tafkin ba zan tsawaita ba, don masunta sun riga sun auna shi da gorarsu. Inda da can gora take nutsewa ba ta taɓa ƙasa ba, yanzu mutum yana tsayawa ruwa iya ƙirjinsa. Ƙasarmu jigawa ce, itatuwan da ke riƙe ta a sama an sare su an yi itace da gawayi, kowace damina ƙorama tana kwaso yashi ta juye a ciki. Mu manoma muna kukan ruwan ba ya kai mu ƙarshen rani, amma babbar illar ita ce dam ɗin da aka gina don ya shanye ambaliya ya zama kamar tulun da rabinsa ƙasa ce: ruwan dare ɗaya ya isa ya cika shi.

A jikin bangon akwai itatuwan bedi da suka girma har ana hutawa a inuwarsu, akwai suri biyu, akwai ramukan gafiya da na damo. Saiwar itace tana kutsawa cikin bango, ranar da itacen ya mutu saiwar ta ruɓe sai ta bar rami a madadinta. Da muka ji haka wasu suka ɗauko gatari, amma aka gargaɗe mu cewa sare babban itace a bar kututturensa ya ruɓe a ciki ya fi barinsa muni, sai an tone saiwar an mayar da ƙasa an danne ta yadda ya kamata, kuma wannan ba aikin gayya ba ne. Limaminmu, da ya ji zancen ramuka, ya tuna mana labarin madatsar Ma'arib ta mutanen Saba'u a ƙasar Yaman, wadda malaman tafsiri suka kawo cewa ɓera ne ya fara huda ta. Ban da waɗannan, masu tifa suna ɗibar yashi kusa da gindin bangon, masu bugun bulo kuma suna haƙar ƙasa a can gefe. Mun yi musu magana, suka tambaye mu wace doka ta hana, kuma wa ya sa mu. Ba mu da amsa.

Rashin amsar nan, Mai Girma Gwamna, shi ne tushen matsalar: ba mu san mai dam ɗin ba. Allon da aka kafa lokacin da aka gina shi ya daɗe da gogewa. Bara ni da mutum biyu muka sa manyan riguna muka shiga neman wanda zai saurare mu. A ofishin farko aka karɓe mu da mutunci, aka ba mu ruwa, aka ce ai wannan dam ba nasu ba ne, aka kwatanta mana wani ofishin. A na biyu aka ce su aikin ruwan sha suke yi ba na ambaliya ba. A na uku wani ma'aikaci ya duba wani babban littafi, ya ɗago ya ce sunan dam ɗinmu ba ya ciki, ya ba mu shawara mu rubuto a takarda. Mun rubuta, mun kai, an buga hatimi a kwafinmu. Har yau ba mu ji komai ba. Ban kawo wannan don in kunyata kowa ba, kuma shi ya sa ban ambaci ofis ko mutum ba. Mai yiwuwa kowannensu gaskiya ya faɗa. Amma abin da ba shi da mai shi ba shi da mai gyara shi, ba shi da kason kuɗi a kasafi, ba shi da wanda za a tambaya ranar da ya yi ɓarna. Dattijon da yake gadin wurin tun farko ya rasu, ba a maye gurbinsa ba, ɗakin da yake zama a ciki yanzu jakuna ke kwana.

Akwai wata magana da wannan ɗalibi nawa ya faɗa wadda ta fi komai tsaya mini a rai. Ya ce masu wannan ilimi tambaya biyu suke yi game da kowane dam, kuma ba sa haɗa su. Ta farko ita ce: yaya lafiyarsa take? Ta biyu ita ce: idan ya fashe, wa zai samu? Dam yana iya zama lafiya lau amma a sa shi a sahun masu babban haɗari, saboda kawai akwai mutane a ƙasansa. Irin wannan shi ake yawaita dubawa, shi ake faɗaɗa wa mafita, shi ake yi wa shirin gudun ko-ta-kwana. Lokacin da aka gina namu, fadama ce da gonaki a ƙasansa, ko da ya fashe dawa ce za ta tafi. Yanzu gari ya faɗaɗa ya gangaro. An yanka filaye an sayar, an yi gidaje, akwai makarantar Islamiyya da yara suke cika ta da yamma, akwai masallaci, akwai rijiyar burtsatse da mata suke layi a kai tun asuba. Yawancin gidajen na jar ƙasa ne, waɗanda ba sai ruwa ya kai taga ba. Ya tsaya a gindin katanga na ɗan lokaci ya isa ta zauna. Dam ɗin da aka auna shi da gonaki yau rayuka ne a ƙarƙashinsa, kuma ba wanda ya dawo ya sake awon.

Mu a jihar nan ba sai an ba mu labarin abin da ruwan dare yake yi ba. A tsakiyar watan Yulin 2018 ruwa ya sauka a Jibiya da dare mutane suna barci, kafin gari ya waye an rasa fiye da mutum 40, gidaje da dabbobi sun tafi, wasu gawarwakin har cikin Jamhuriyar Nijar aka je aka samo su. Wannan kuwa ruwan sama ne da na kogi, ba dam ne ya fashe ba. Maƙwabtanmu na Kano su ma ba su manta da madatsar Bagauda da ta ɓalle a watan Agustan 1988 ba. Idan ruwan da ya taru a hankali cikin dare ya yi abin da ya yi a Jibiya, ina ga wanda aka tara wata uku sannan ya fito lokaci ɗaya?

Mun ɗanɗana kaɗan daga wannan tsoro a Agustan da ya wuce. An fara ruwa bayan sallar isha'i, har tsakar dare bai ɗauke ba. Samari suka ɗauki tocila suka hau bangon, suka dawo a guje suka ce tsakanin ruwa da wurin nan da ya lotsa bai fi kamu ɗaya ba. Maigari ya riƙe waya a hannu yana tambayar wa za a kira, ba wanda ya san lamba. Aka ce ladan ya yi shela a lasifika, sai aka tarar batirin masallaci ya mutu, dole yara suka riƙa bi gida-gida suna buga ƙyaure. Wasu suka nufi makarantar firamare da ke kan tudu, wasu kuma, don ruɗewa, suka bi hanyar da ta gangara ƙorama, wato ainihin inda ruwan zai bi in ya fito. Wata tsohuwa maƙwabciyata da ba ta gani, a baro jikokinta suka turo ta cikin taɓo, tana ta tambaya ko tashin duniya ne. Allah ya taƙaita, ruwan ya tsagaita kafin asuba, muka koma gida. Washegari wasu suna dariyar abin, ni kuwa ban ga abin dariya ba, domin na ƙirga gidajen da ba a kai ga tayar da su ba, kuma sun fi waɗanda aka tayar.

Akan sami wanda zai ce ruwa na Allah ne, abin da zai faru ba makawa. Mun yi imani da ƙaddara, amma an koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma dam ba ruwan sama ba ne: mutum ne ya gina shi, mutum ne ya kamata ya duba shi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a turo ƙwararrun injiniyoyi su duba wannan madatsa kafin ruwa ya zauna, ba bayan an shiga Agusta ba. Muna so su sauka daga mota su taka bangon da ƙafa daga wannan baki zuwa wancan, su gangara gindinsa, su auna tsayinsa su gano inda ya lotsa, su auna yawan ruwan da ke tsatsafowa da abin da yake ɗauke da shi, su shiga kwalekwale su auna zurfin da ya rage, su lissafa ko mafitar rarar ruwa za ta iya ɗaukar irin ruwan da ake yi a shekarun nan. Kuma muna roƙon su tafi da mu wurin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; masunci da makiyayi sun san wuraren da baƙo zai wuce bai lura ba.

Idan sun gama, muna roƙon kada sakamakon ya tsaya a cikin fayil. A rubuta shi da Hausa, a karanta shi a gaban hakimi, maigari, masu unguwanni da jama'a, maza da mata, a gaya mana a fili ko dam ɗin lafiya yake, ko yana buƙatar gyara, ko kuwa haɗarinsa ya kai a rage ruwansa. Idan hukuncin ya zama a rage ruwa, mun san mu manoman rani ne za mu fara ji a jikinmu, kuma mun tattauna mun amince. Asarar albasar shekara ɗaya muna iya ɗaukarta.

Akwai ayyukan da ba sa jiran dogon nazari, kuma muna roƙon a yi su a wannan bazara: a yashe bakin mafitar, a toshe inda ruwa ya rarake ƙarƙashinta, a gyara ƙarfen sakin ruwa, a cike inda bango ya lotsa, a hana tifa da masu haƙar ƙasa kusantar gindinsa da umarni a rubuce wanda maigari zai iya nunawa. A kafa sandar awo a cikin tafkin, a shafa mata launi uku yadda ko wanda bai yi boko ba zai gane: nan lafiya, nan a yi shiri, nan a tashi. A ɗauki mutum ɗaya daga cikinmu a koya masa abin da zai riƙa dubawa, a ba shi littafin rubuta tsayin ruwa kullum da damina, a ba shi waya da lambar da in ya kira da ƙarfe biyun dare za a ɗauka.

Muna kuma roƙon a zana taswirar inda ruwa zai bi idan bangon ya ɓalle, da mintocin da zai ɗauka kafin ya iso gidan farko, a nuna wa kowace unguwa tudun da za ta nufa da hanyar da za ta bi, a san gidajen da ke da tsofaffi, makafi da guragu da wanda zai ɗauko su. A gwada wannan shiri da rana tsaka sau ɗaya kafin damina, tare da jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Har zuwa lokacin da za a sami wannan taswira, a dakatar da yanka sababbin filaye a ƙasan dam ɗin. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa kowace shekara, da na ambaliya da hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, take fitarwa, muna jin su a rediyo da sunan jiha ko ƙaramar hukuma. Muna roƙon a sami wanda zai riƙa sauko da su har ƙofar maigari, ya fassara mana abin da suke nufi ga tafkin da ke saman kanmu.

Roƙo na ƙarshe ya wuce garinmu. Muna roƙon gwamnatinka ta sa a ƙirga duk madatsun ruwan da ke jihar nan, manya da ƙanana, na tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi, har da waɗanda aka yi a matsayin aikin mazaɓu aka tafi aka bari. A rubuta shekarar kowanne, da wanda yake da alhakinsa, da abin da ke ƙasansa, a fara da waɗanda mutane suke kwana a ƙarƙashinsu, a kuma ware musu kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara ko da kaɗan ne. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau, ban da abin da jama'ar Maiduguri suka rasa wanda kuɗi ba ya mayarwa. Gyaran da muke nema bai kai ko ƙurar wannan ba.

Mu ma ga abin da muka ɗauka a kanmu a gaban maigari da liman. Mun kwashe buhunan yashin da ke bakin mafitar, kuma mun yi alkawarin ba za a sake jera su ba. Mun hana amalanke bi ta kan bangon, mun buɗe musu wata hanya ta ƙasa duk da ta fi nisa. Mun yi karo-karo mun sayi sabon batir na lasifikar masallaci. Duk ranar da aka turo ma'aikata, samarinmu za su fito da shebur da kwandunansu a yi gayya, ba sai an biya su ba.

Muna fatan samun amsa ta hannun hakiminmu kafin ƙarshen watan Mayu, domin a nan ƙasar Daura da Yuni ya kama an fara duban gabas. Wanda duk aka turo ya sauka a ƙofar gidan maigari ya ce a kira masa malam mai kwalba, yara za su kawo shi har gida.

Allah ya taimaki Mai Girma Gwamna, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
a madadin jama'ar da ke zaune ƙasan madatsar ruwa,
Masarautar Daura, Jihar Katsina.